Nazarin lamari: hasashen yaɗuwar kansar hanta daga hoton sikana a wajen wani ɗan kasuwar gujiya

An tsara wannan lamari ne don koyarwa, bisa irin abin da ke zuwa gaban masu duba ciwon hanta a jihar Maraɗi. Magidanci ne ɗan shekara 41, mai sayen gujiya a kasuwannin ƙauyukan Madarumfa yana kawowa birni. Shekara uku kafin zuwansa ya je ba matarsa jini lokacin haihuwa, aka ƙi karɓa, aka ce masa yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ba a sa masa ranar komawa ba, shi kuma bai ji ciwon komai ba, sai maganar ta bi ruwa. Abin da ya dawo da shi likita shi ne nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da ya yi wata biyu yana damunsa. Idonsa bai yi shawara ba, cikinsa bai tara ruwa ba, bai rame ba. Da aka ɗora masa ekografi sai aka ga ƙullutu guda, kimanin santimita huɗu, a ƙasan ɓangaren dama na hanta.

Abubuwa biyu suka haɗu a jikinsa, kuma su ne suka fi haddasa kansar hanta a Afirka ta Yamma. Na farko ƙwayar B, wadda a nan yawanci tun ana jariri ko ana ƙaramin yaro ake ɗaukarta, ta zauna shekara da shekaru tana cin hanta shiru. Na biyu gubar afalatoksin, wadda fumfuna ke fitarwa a gujiya da masara idan aka zuba su a buhu ko rumbu ba su gama bushewa ba. Kowannensu shi kaɗai yana iya jawo kansa. Idan suka haɗu haɗarin ninkuwa yake yi. Shi ya sa ake ganin cutar a ƴan shekara talatin da arba'in, masu ƙananan yara a gida.

Gwajin jini ya nuna AFP, sinadarin da wannan ƙari kan fitar, ya kai 310, alhali na mai lafiya ba ya cika wuce 10. Ƙwayoyin daskarar da jini 168,000, albumin da bilirubin, gwaje-gwajen aikin hanta, daidai, ƙoda lafiya. A ma'aunin Child-Pugh makinsa 5 ne, wato rukunin A: hantar na da sauran ƙarfin jure fiɗa. Wannan ba kasafai ake samunsa ba. Mafi yawa sai ciki ya kumbura suke zuwa, lokacin da ƙarin ya mamaye rabin hanta.

Hoton farko da bai yi amfani ba

Ɗan'uwansa ya riga ya kai shi an yi sikana, hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, kafin ya iso, kuma abin da suka zo da shi hotunan falle ne da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp. Zango ɗaya kawai aka ɗauka, wato ɗauka sau ɗaya, bayan kusan daƙiƙa 70 da allurar ruwan da ke haska hoto, kaurin kowane yanka milimita 5. Ƙarin ya fito, amma hoton bai iya cewa wane iri ne ba.

Dalilin yana cikin yadda hanta ke samun jini. Kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga hanji yake zuwa ta babbar jijiyar fotal, sauran kashi ɗayan daga zuciya ta jijiyar hanta. Kansar hanta kuwa kusan gaba ɗaya daga jijiyar zuciyar take sha. To idan aka tura ruwan aidin mai haska hoto ta hannu, shi ƙarin ne ke fara yin fari, wajen daƙiƙa 35 zuwa 40, hantar da ke kewaye ba ta kai ga cika ba. Can wajen daƙiƙa 60 zuwa 80 hantar ta cika, shi kuma ya fara dushewa. A minti uku zuwa biyar sai ya fi kewayensa duhu, wani lokaci da siririn bango mai haske. Wannan fara da wuri da dushewa da wuri shi ne shaidar cutar. A tsarin LI-RADS na tantance ƙullutun hanta a hoto, ƙullutun da ya wuce santimita biyu kuma ya nuna haka a jikin mai ƙwayar B ana ba shi mataki na 5, wato kansar hanta ce tabbas, ba sai an tsaga an ɗebo nama ba. Wanda ya ɗauki zango ɗaya ya rasa wannan shaida duka.

An sake hoton da ƙa'ida. Allurar hannu mai faɗi, lamba 18. Ruwan aidin mililita ɗaya da rabi kan kowane kilo, shi mai kilo 62 ya samu 93, aka tura da famfo mililita 4 a daƙiƙa. Turawa da hannu ba ta riƙe gudu ɗaya, sai farin ya bazu ya yi rauni. Aka sa na'urar ta tsare babbar jijiyar ciki, da haskenta ya kai ma'aunin da aka sa mata ta jira daƙiƙa 15 zuwa 20 ta ɗauki zangon farko. Kaurin yanka milimita 1.25. Aka haɗa da ƙirji a zama ɗaya.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ɓata hotuna da yawa a nan. Muryar da ke cikin na'urar, mai cewa a riƙe numfashi, da Faransanci ko Turanci take magana. Mara lafiya yana kwance, hannuwa bisa kai, ruwan aidin na ɗumama masa jiki har maƙogwaro, murya ta yi magana bai ji ba, ya ci gaba da numfashi. Hanta tana ƙarƙashin tantanin numfashi, tana sauka tana hawa da santimita biyu ko fiye, sai bakin ƙarin ya fito a dagule. Maganin shi ne a kashe muryar, ma'aikaci ya yi magana da kansa ta lasifika: "Malam, ja numfashi, riƙe, kar ka motsa." Kuma a gwada da shi sau biyu kafin a tura ruwan. A lokacin zafi ko azumi a duba ƙoda tukuna, a tabbatar mutum ya sha ruwa sosai.

Abu na ƙarshe, aka roƙi ainihin fayil ɗin da na'urar ke fitarwa, wato DICOM, a faifai, domin da shi kwamfuta za ta yi lissafin hasashen. Kowane ɗigo a hoton sikana lamba ce: ruwa 0, iska −1000, kitse wajen −100, hanta ba aidin wajen 55. Fallen da aka buga ya matse waɗannan lambobi zuwa ɗan launin toka da ido zai iya rarrabewa, hoton waya kuma ya ƙara haɗa su da hasken ɗaki. Kwamfuta ba ta da abin lissafawa a ciki.

Yaɗuwar da ido ke gani da wadda ba ya gani

Sabon hoton ya nuna ƙari guda, santimita 4.3, a kashi na 6 cikin kasusuwa takwas na hanta da likitan fiɗar Faransa Claude Couinaud ya tsara, wato can ƙasa ta dama, jingine da ƙoda. Ya yi fari da wuri, ya dushe daga baya. Huhu tsaf, ƙulluwan da ke bakin hanta ba su kumbura ba, jijiyar fotal a buɗe take har rassanta. Duk wannan likitan hoto ne ya gani da idonsa, kuma shi ne tambayar farko: ko cutar ta riga ta fita. Idan ƙari ya toshe jijiyar fotal ko ya kai huhu, maganar fiɗa ta ƙare, kuma babu buƙatar wani lissafi.

Tambaya ta biyu ce mai wuya. Ƙwayoyin kansa kan kutsa cikin ƙananan jijiyoyin da ke kewaye da ƙarin, waɗanda ko zare ya fi su kauri, su bi jini su zauna a wani wuri cikin hanta. Babu hoton da ke nuna su. Sai an cire naman an sa shi a madubin likita ake gani, wato bayan an gama yanke shawarar yadda za a yi fiɗar. Ga shi kuma wannan kutse yana cikin manyan dalilan da ke sa cutar ta dawo cikin shekara biyun farko. Gurbin da koyon na'ura, wato koya wa kwamfuta hasashe daga misalai, ke son cikewa ke nan: a yi hasashen kutsen tun wuƙa ba ta taɓa mutum ba.

Hanyar da aka bi ana kiranta radiyomiks, sunan da ya yaɗu tun 2012. Da farko aka goge suna da ranar haihuwa da lambar asibiti daga fayil ɗin, domin DICOM yana ɗauke da su a ɓoye ko da ba su fito a hoton ba. Sannan aka buɗe shi a 3D Slicer, manhaja ce ta kyauta da ke aiki a kwamfutar hannu ko babu intanet. Likitan hoto ya zagaye bakin ƙarin yanka bayan yanka, sama da yanka talatin, a zangon farko da na biyu. Aka faɗaɗa zanen da milimita 5 ta kowane gefe don a samu zoben hantar da ke manne da ƙarin, tunda a nan kutsen yake faruwa. Aka daidaita girman ɗigo ya koma milimita ɗaya ta kowace fuska, sannan manhajar PyRadiomics ta fitar da siffofi: girma, yadda ƙarin ya kusa da ƙwallo ko ya yi ƙahonni, matsakaicin haske, da yadda ɗigo mai haske ke maƙwabtaka da mai duhu, wato laushi ko kaushin saƙar naman. Daga hoto ɗaya siffofi ɗari da ƴan kai ke fita, idan aka bi ta matatai sai su haura dubu.

Tsarin hasashen da aka yi amfani da shi an horar da shi ne a wata ƙasa, da hotunan mutanen da aka yi wa fiɗa aka kuma san abin da madubi ya nuna a kansu. Daga dubun siffofin ya zaɓi kaɗan, ya haɗa da girman ƙari da AFP, yana ba da maki tsakanin 0 da 1. Rage siffofin dole ne. Idan marasa lafiya ɗari biyu ne siffofi kuma dubu, kwamfuta za ta samo alaƙa ko da babu ita, ta haddace mutanen da ta gani, ta faɗi warwas a kan baƙo.

Makin farko ya fito 0.93. Da aka koma aka duba zoben yanka bayan yanka, sai aka ga inda aka yi kuskure. Ƙarin yana bakin hanta, saboda haka faɗaɗawar ta tsallake ta shiga kitsen da ke tsakanin hanta da ƙoda, har ta ɗan taɓa ƙodar. Kitse −100, ƙoda a zangon farko fari fat, hanta a tsakani: kwamfuta ta ɗauki wannan gaurayen a matsayin nama mai hargitsi ƙwarai. Ba ta san kitse ba ne, lambobi kawai take gani. Aka zana iyakar hanta aka datse duk abin da ya fita waje, makin ya sauko 0.71. Likita na biyu ya yi nasa zanen ba tare da ya ga na farko ba. Zanen biyu sun dace da juna da kusan kashi 85 cikin ɗari, bambancin yana gefen sama inda bakin ya ɗan dagule, nasa makin ya fito 0.58. Duka biyun sun haura 0.5, iyakar da masu tsarin suka sa. Amma tazarar 0.13 daga hannun mai zane kaɗai ta ishi mai hankali ya daina karanta lambar kamar awon sikari. Duk rahoton da ya ba da maki ɗaya tilo, bai ce wa ya zana ba, bai nuna zoben ba, bai kamata a gina shawarar fiɗa a kansa ba.

Me maki mai yawa ke nufi ga mutum ɗaya? A ƙaddara tsari yana kama 80 cikin ɗari na masu kutsen, yana kuma wanke 70 cikin ɗari na marasa shi, kuma a cikin mutum ɗari 30 ne ke da kutsen. Zai kama 24 ya rasa 6. Cikin 70 ɗin da ba su da shi zai tuhumi 21 bisa kuskure. Wato cikin 45 da ya ce suna da haɗari, 24 ne gaskiya, rabi da ɗan ɗori. Cikin 55 da ya ce lafiya, 6 na ɗauke da kutsen. Irin wannan lamba tana iya karkata shawara, ba ta isa ta hana mutum fiɗa ba.

Sai kuma maganar inda tsarin ya yi karatu. Mafi yawan binciken da aka wallafa kan wannan hasashe daga asibitocin ƙasar Sin ne. Akwai kama, domin can ma ƙwayar B ce kan gaba. Amma na'urorin sikana sun bambanta, yadda kowace ke tace hoto ya bambanta, kuma siffofin saƙa su ne suka fi saurin canzawa idan kaurin yanka ko ƙarfin haske ya canza. Marasa lafiyarmu sun fi ƙuruciya, nau'in ƙwayar B da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, wato E, ba shi ne na Gabashin Asiya ba. Kuma tsarin bai taɓa ganin kowa ba sai waɗanda ƙarinsu ya yanku. Wanda ya zo da ƙari mai santimita goma sha biyu, makin da zai fito a kansa ba shi da tushe.

Saboda haka aka ajiye makin gefe da abin da ido ya gani. Bakin ƙarin ta sama ba sumul yake ba, ya ɗan yi tsiro. A zangon farko akwai wani haske mai siffar ƙusa a hantar da ke jikinsa, wanda ya ɓace a zango na biyu. Waɗannan biyun sanannun alamu ne na kutse. Ido da lissafi sun nufi wuri ɗaya.

Shawara, jinkiri da fiɗa

Ƙona ƙari da allura mai zafi ya fi aiki idan bai wuce santimita uku ba, wannan ya wuce. Fiɗa ce ta rage, tambayar ita ce yadda za a yanka. Ana iya ƙwaƙule ƙarin da ɗan nama kaɗan a kewaye, ana kuma iya cire kashi na 6 gaba ɗaya tare da reshen jijiyar fotal da ke shayar da shi, a bar tazarar da ba ta gaza santimita ɗaya ba. Tunda ƙwayoyin ta wannan reshen suke bi, idan ana zargin kutse hanya ta biyu ta fi ma'ana. An auna hantar da za ta rage a 3D Slicer ɗin nan, ta haura kashi 80 cikin ɗari, nesa da kashi 40 da ake nema ga hantar da ta fara ƙandarewa. Amfanin makin ya tsaya a nan: faɗin yanka, da kusancin bibiya bayan fiɗa. Ran nan kuma aka fara masa tenofobir, maganin ƙwayar B, miligiram 300 kullum, domin ƙwayar B kan tashi bayan fiɗa ta raunana sauran hantar.

Yadda aka faɗa musu yana da muhimmanci, don yayansa ya ji ana cewa kwamfuta ta duba, ya ɗauka hukunci ya riga ya fita. Lokotoro ya zana hanta a takarda ya ce: "Alhaji, ƙarin ƙanenka wuri ɗaya yake, bai kai huhu ba, ana iya cire shi. Muna zargin ya fara sa saiwa a ƙananan jijiyoyi, shi ya sa za a yanka da faɗi. Tabbaci sai an duba naman."

Haɗa kuɗi da shirin tafiya cibiyar da ke da likitan fiɗar hanta ya ci mako bakwai. Daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 600, ga masauki, ga masu ba da jini. Hoton da ya kwana haka ba a shiga fiɗa da shi, aka sake. Ƙarin ya koma santimita 4.8, AFP 460. Rabin santimita kamar ba komai ba, amma a cika ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, wato yana ninka kansa cikin wata uku da rabi, ya fi matsakaicin wata huɗu zuwa biyar sauri. Jijiyar fotal na nan a buɗe, huhu tsaf. Aka cire kashi na 6.

Naman da aka cire shi ne kaɗai alƙalin da zai ce hasashen ya yi daidai ko bai yi ba, kuma a nan ake yawan asara. Idan aka jefa guntun hanta sukutum cikin ɗan ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa, aka rufe aka sa a mota, bayan ya daskare cikin ya ruɓe. Ƙa'ida ita ce a yayyanka shi kaurin santimita ɗaya da wuri, a nutsar da shi cikin fomalin mai kashi 10 wanda ya ninka naman sau goma. Wajen ɗiba kuma a bi tsarin wuri bakwai: huɗu a inda ƙari ya haɗu da hanta, kamar ƙarfe 12 da 3 da 6 da 9 a agogo, ɗaya a tsakiyar ƙari, ɗaya a hantar da ke cikin santimita ɗaya, ɗaya a wadda ta fi nisa. Wanda ya ɗebo daga tsakiya kawai zai tabbatar da kansa, amma ba zai ga kutse ba ko yana nan, sai a rubuta babu. Irin wannan "babu" idan ta shiga cikin bayanan da za a horar da tsarin gida nan gaba, kuskure za a koya wa na'urar.

Sakamakon ya nuna kutse a ƙananan jijiyoyi uku, duka cikin santimita ɗaya daga bakin ƙarin, matakin da ake kira M1. Bakin yankan tsaf ne. Hasashen ya dace a wannan karon, kuma mutum ɗaya bai isa ya zama hujjar ingancin tsari ba. Yana iya kasancewa cikin 24 ɗin can, wani mai maki irin nasa ya faɗa cikin 21.

AFP yana raguwa da rabi duk kwana biyar zuwa bakwai idan an cire tushensa. Daga 460 ana sa ran 230, 115, 57, har ya sauka ƙasa da 10 cikin mako shida. Nasa ya sauka 8. Da yake har kashi 70 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa fiɗa cutar kan dawo musu cikin shekara biyar, shi kuma ga kutse a rubuce, aka sa masa gwajin jini da hoto duk wata uku. Aka kuma gwada iyalinsa: ƙannensa biyu da suke uwa ɗaya na ɗauke da ƙwayar B, aka sa su a jerin masu ekografi duk wata shida, matarsa da yaran da ba su da kariya aka yi musu rigakafi, aka kuma jaddada cewa duk jaririn da za a haifa a gidan ya samu allurar farko cikin awa 24.

A wata na uku da na shida komai daidai. A wata na tara AFP ya koma 38 alhali bai ji komai a jikinsa ba. Sikana mai zango uku, da kaurin yanka da lokutan da aka yi amfani da su a baya, ta nuna sabon ƙullutu mai santimita 1.4 a kashi na 7, ya yi fari da wuri ya dushe daga baya. Huhu da jijiyar fotal lafiya, Child-Pugh har yanzu A. Girman nan yana cikin abin da allurar ƙonawa ke iya kashewa, aka rubuta masa takardar turawa a makon, tare da faifan hotunan duka.